Wa Zai Fita Daga Gidan?

Daga Bagudo zuwa Ka'oje, Illo da Lolo, kowa ya san yadda abin ke faruwa. Miji ya lakaɗa wa mace duka, ya sake ta, kuma ita ce za ta fita da daddare, goyo a baya, ƙullin kaya a ka, ido a kumbure.

Wa ya ce haka addini ya tsara? Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda. A mazhabar Malikiyya, alƙali na iya raba aure saboda cutarwa. Dokar tarayya ta hana cin zarafi, wato VAPP ta 2015, ma ta mai da korar mace daga gida da ƙarfi laifi.

Abin ya fi tsanani ga wadda aka auro daga Segbana, a Jamhuriyar Benin: iyayenta na can ƙetaren iyaka, sammacin kotunmu kuwa ba ya tsallakawa.

Ba cewa muke ta kwana da mai dukanta ba. Allah gafarta Malam Alƙali, a umarci mijin ya koma gidan ɗan'uwansa, ya ci gaba da ciyarwa, yara su zauna da uwarsu har a yanke hukunci.