Sukur: Rayuwa da Tarihin Wani Ƙauye a Kan Duwatsun Mandara

Ƙauyen Sukur yana kan duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Najeriya da Kamaru, kuma mazaunansa suna magana da harshen Sakun, wanda masana ke sanyawa cikin rukunin harsunan Cadi, wato dangin da Hausa ma ta fito daga cikinsa. An saba ɗaukar ƙauyukan dutse a matsayin mafakar waɗanda suka guje wa mahara, amma tarihin Sukur ya fi haka faɗi, domin ƙauyen ya daɗe yana cikin cibiyoyin samar da ƙarfe a yankin kudancin Borno.

Tushen wannan arziki shi ne tama, wato baƙin yashi mai ɗauke da ƙarfe, wanda ake tarawa daga rafuka bayan ruwan sama ya wanko shi daga duwatsu. Ana narkar da ita da gawayi da zuga-zugi a cikin murhun yumɓu, sannan maƙera su mayar da ƙarfen sanduna da fartanyoyi, waɗanda fatake ke saye su kai filayen arewa, inda ake buƙatar ƙarfe amma tama ta yi ƙaranci. Kan wannan ciniki ne martabar Hidi, wato sarkin Sukur, ta ginu. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, a kan hanyarsa ta zuwa Yola a 1851, ya ji labarin sarkin a matsayin mai iko ƙwarai, sai dai binciken da Nicholas David da Judy Sterner suka yi a ƙauyen a shekarun 1990 ya nuna cewa ikon Hidi ya dogara ne ga kasuwar ƙarfe da al'adun gargajiya fiye da rundunar yaƙi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne gonakin. Gangaren dutse ba ya riƙe ƙasa, saboda haka manoma suka jera duwatsu, ba siminti ba laka, suka yi katangu hawa-hawa da ke tare ƙasa da ruwa, suna shuka dawa da gero da wake a kansu. Shanu kuwa ana kiwon su a garke mai zurfi da aka gina da dutse cikin gida, ana kawo musu ciyawa, a kwashe takinsu a kai gona. Katangar da damina ta rushe, dole a gyara ta kafin shuka, kuma haka ake yi wa hanyoyin da aka shimfiɗe da faifan dutse har zuwa fadar Hidi. Wannan aiki ne na zuri'a bayan zuri'a.

Ƙarni na 20 ya zo da wahala. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya riƙa kai hare-haren kamun bayi a kan mutanen dutse, ya kuma sa aka rubuta su a littafin ajiyarsa, kafin Turawan Ingila su tuɓe shi a 1927. Daga baya ƙarfen waje mai arha ya kashe sana'ar narkar da tama, kuma bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 yankin ya shiga Najeriya.

A 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Najeriya, amma wannan karramawa ba ta hana 'yan Boko Haram hawa dutsen a Disambar 2014 ba, inda suka ƙone gidaje suka kuma lalata wani ɓangare na fadar. Mutanen sun koma sun sake gini. Barazanar da ta rage ita ce saukar matasa zuwa filayen ƙasa neman makaranta da asibiti da kasuwa, kuma muddin waɗannan ba su iso kusa da dutsen ba, hannayen da ke gyara katangun gonaki za su ci gaba da raguwa.