Motar Malami, Ruwan Lagireto da Tamostat

Jawabin da kwamitin jin daɗin malamai ya gabatar a taron reshe



Kun saba jin wannan kwamiti a kan ƙarin girma da kuɗin hutu. Yau kuwa a kan mota za mu yi magana, domin bayan gida da gona babu wata kadara da malamin yankin Watari ya mallaka da ta kai motarsa. Yawancinsu tsofaffi ne: Golf da Corolla 'yan Kwatano, da ragowar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. An saye su da adashe ko da rancen da ake yanka daga albashi. Su ne ke kai mu makaranta, su ne kuma ke kai mai naƙuda asibitin Bichi ko Kano cikin dare. Ranar da inji ya tafasa har gasket ya ƙone, ko kan inji ya lanƙwashe, gyaran yakan lashe albashin watanni. Abubuwa biyu masu sauƙin kuɗi ne ke tsare mu daga wannan asara: tamostat, da ruwan da muke zuba wa lagireto.

Duk wanda ya san madatsar ruwan Watari ya riga ya fahimci aikin tamostat. Ruwa na nan a tare, ba a sakinsa zuwa gonakin rani sai an buɗe ƙofa, kuma gwargwadon buƙata ake buɗe ta. Tamostat ƙofa ce irin wannan tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai ɗan kaki a rufe. Idan inji yana da sanyi, ƙofar na kulle, ruwa na zagayawa cikin inji kaɗai har ya ɗumama. Da zarar zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas, kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto ya sha iska. Darasin faɗaɗar abu idan ya ji zafi ke nan, wanda muke rubutawa a allo kowace shekara.

Al'ada ce a garejin ƙasar nan a cire tamostat a jefar, a ce na ƙasashen ƙanƙara ne. Kanikawanmu, waɗanda da yawansu sun zauna a azuzuwanmu, suna da hujjarsu: tsohon tamostat yakan maƙale a kulle, inji ya tafasa, idan an cire shi sai tafasar ta tsaya. Amma maganin wanda ya lalace shi ne a sa sabo. Inji marar tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu. Muddin yana da sanyi, na'urar da ke auna masa fetur za ta riƙa ƙara masa, baƙin mai ya gurɓace da wuri, ƙarafa su riƙa cin juna. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da ta tafi a banza daga tukunyar gidan malami ta fita. Ban da haka, a wasu injuna tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. A irin waɗannan, cire shi yana iya jawo tafasar da ake gudu.

Sai batun ruwa. Ruwan rijiya, na burtsatse da na madatsa duk suna ɗauke da ƙasa da gishirin ma'adinai. Ku dubi gindin butar shayi da ta daɗe a kan wuta: farin ɓawon nan shi ne ke taruwa a siraran hanyoyin lagireto har ya toshe su, tsatsa kuma ta ci famfon ruwa. Ruwan lagireto na kanti sinadarin gilaikol ne haɗe da magungunan tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a wajen digiri 100. Idan an gauraya shi rabi da rabi da wannan sinadari sai ya kai wajen 107, murfin lagireto mai lafiya kuma, saboda matsin da yake riƙewa, ya ƙara ɗaga shi sama da 120. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, wannan tazara ce ke kai mota gida.

Wajen saye, kada launi ya yaudare mu, domin rini ne kawai. A karanta jikin galan. Akwai wanda aka riga aka gauraya, a zuba shi yadda yake. Akwai mai kauri, wanda ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na ƙara wa batir, ba mai asid ba. Tsohon samfuri, wanda galibi kore ne, ana sauya shi duk shekara 2. Sababbin samfura sukan kai shekara 5. Kada a haɗa iri biyu. Masu Golf su lura cewa G11 da G12 ba sa zama tukunya ɗaya. Wanda bai san abin da ke cikin motarsa ba, ya zubar duka, ya wanke da ruwa mai tsabta har ya fito fari, sannan ya zuba iri guda. Galan marar suna da hatimi, komai araharsa, a bar shi a kanti.

Sauya tamostat aikin sa'a guda ne, kuma ya kamata mai mota ya tsaya a yi a gabansa. A bari inji ya huce sarai, domin buɗe murfin lagireto da zafi ya sha ƙona fuska da hannu. A tsiyaye ruwan cikin roba. A wasu motoci tamostat yana inda tiyon sama ya haɗu da inji, a Golf da Corolla kuwa yana wajen tiyon ƙasa. A sayi mai lambar digiri daidai da ta motar. Kafin a ɗaura shi, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta: mai kyau zai buɗe baki tun ruwan bai tafasa ba, ya rufe idan ya huce. A kankare mazauninsa, a sa sabon gasket, gefen da ke da sifirin ya fuskanci inji, ɗan hujin fitar da iska kuma, idan akwai, ya dubi sama. A ɗaure noti a hankali, don gidan tamostat na alminiyam ne ko roba, yana tsagewa. A cika ruwa, a tayar da inji har iska ta fita, fanka ta tashi da kanta. Washegari da safe a sake duba ruwan.

Ga gargaɗi ga iyalanmu. Wannan ruwa yana da zaƙi a baki, amma guba ne mai kashe ƙoda. Kada a ajiye shi a gorar lemo, kada a zubar da shi inda yara, awaki ko kaji za su kai baki, kada kuma ya bi magudana zuwa gonakin rani. Wanda ya sha, a garzaya da shi asibiti nan take.

Muna roƙon reshe abu biyu. Na farko, masu mota iri ɗaya su haɗa kuɗi a sayo musu tamostat da ruwan lagireto na gaske a Kasuwar Ƙofar Ruwa, tare da bakaniken da aka amince da shi. Na biyu, malaman kimiyya su kai tamostat da tukunya aji, yara su ga ƙofar tana buɗewa da idonsu, domin a cikinsu ne kanikawan gobe suke.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a abin da muka samu.