Tsohon Babur da Batirinsa: Daga Ina Wuta Take Fitowa, Ina Take Zuwa?

Jawabin da wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gyaran babura ya gabatar wa 'yan ƙungiya a Jimeta



An ce kowa ya yi magana a kan abin da ya sani, mu kuwa sana'armu sayar da kayan gyaran babura ce. Abu uku ne ya fi kawo mutane shagunanmu: ƙwan fitila ya ƙone, batir ya mutu, ko a ce rektifaya ta lalace. Sai ka ga mutum ɗaya ya zo sau uku a wata guda, yau ƙwai, jibi batir, bayan mako biyu kuma ƙwai. Ciniki ne a wurinmu, amma ba irin cinikin da muke so ba ne, don kuɗin ɗan'uwa ne ke tafiya a banza. Fitilar da ta ɗauke da dare kuwa a hanyar Numan, ko ta Fufore, ko ta Song, ba kuɗi kaɗai take ci ba, tana iya cin rai. Abin da muke so a tashi da shi yau shi ne, waɗannan abubuwa uku igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Wanda ya canja ɗaya bai duba sauran ba, zai dawo.

Dattawa za su tuna mashinan da suka yi tashe a nan tun zamanin Jihar Gongola, kafin a ƙirƙiro Jihar Adamawa a 1991: Honda Benly, Yamaha YB100, Suzuki A100, da Honda CG125 wanda aka fara ƙerawa a 1975 musamman don ƙasashe irin namu, inda hanya ba kyau kuma gareji yana nesa. Akwai kuma ƙaramin Honda Super Cub da ya fito a Japan a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Har yanzu wasunsu suna nan suna kai mutane gona da kasuwannin ƙauye. Na baya-bayan nan irin su Jincheng da Bajaj, har da keken da ya cika titunan Jimeta da Yola, tushen aikin wutarsu ɗaya ne da na waɗancan.

To, daga ina wutar take fitowa? Idan bakanike ya buɗe murfin gefen inji, za ku ga wani ƙarfe mai nauyi kamar kwano, wanda ke juyawa tare da inji. A cikinsa akwai maganaɗisu. A ƙarƙashinsa kuma akwai naɗaɗɗun wayoyin tagulla da ba sa motsi, su ne koyil. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta ta gefen koyil, sai wuta ta taso a cikin wayar. Inji ya yi sauri, wuta ta ƙaru. Ya lafa, ta ragu. Shi ya sa a tsohon babur in ka murɗa totur fitila take ƙara haske.

Sai dai wutar da koyil ke bayarwa mai kai-da-komo ce, ta je gaba ta dawo baya, wadda masu aikin waya ke kira AC. Batir kuwa ba ya karɓar sai wuta mai bin hanya ɗaya, wato DC. In ka haɗa su kai tsaye, abin da ya shiga yanzu shi zai fita yanzu. A nan ne aikin rektifaya yake. A cikinta akwai wani ɗan abu da ake kira dayod, wanda yake kamar mai gadin ƙofa: yana barin wuta ta shige, ba ya barin ta ta komo. Tsofaffin mashina dayod ɗaya gare su, don haka rabin wutar kawai suke amfana da shi. Na baya suna da huɗu, manyan babura kuma shida, sai ya zama ba a asarar kowane ɓangare.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Yawancin ƙananan mashinan da masu bolt 6 ne, kuma ba su da abin daidaita wuta ko kaɗan. Maƙeran sun auna ne: wutar da koyil zai bayar daidai take da abin da babbar fitila da fitilar baya da batir za su sha. Batir shi ne randar da ke haɗiye rarar. Kuma da yake wutar fulogi tana da nata koyil daban a irin waɗannan mashinan, babur zai tashi da kiki ko babu batir. Sai mai shi ya ce, ai yana tashi, me zan yi da batir? Ya cire, ko ya bar shi ya bushe. Daga nan rarar wuta ba ta da wurin zuwa sai kan ƙwayaye. Ƙaramin na baya shi yake fara ƙonewa, kason da yake sha ya koma kan babban, shi ma ya bi shi. Ka ga laifin ba na ƙwai ba ne. Haka ma in aka sa ƙwan da bai kai ƙarfin na asali ba, ko irin fitilun zamani masu shan wuta kaɗan, ba tare da an ƙara abin daidaitawa ba: an ɓata awon.

A cikin shekarun 1980 kamfanoni suka riƙa komawa bolt 12, suna haɗa rektifaya da abin daidaita wuta, wato regileta, a cikin ƙaramin akwati ɗaya mai haƙarƙari. Mu a kasuwa duka rektifaya muke ce masa. Maganaɗisu ba a iya rage masa ƙarfi, saboda haka abin da regileta take yi shi ne, da zarar wuta ta kai iyaka, sai ta buɗe wa rarar hanya ta koma ta jikin ƙarfen babur. Mu da ke bakin Kogin Binuwai mun san abin da ake nufi da sakin rarar ruwa, mun gani a 2012 da aka buɗe madatsar Lagdo ta Kamaru. Abin da aka saki dole ya sami inda zai je. A babur, rarar tana zama zafi, a cikin akwatin da kuma cikin koyil. Waɗannan haƙarƙarin na jikinta don iska ta sanyaya ta ne. Ku tuna a Maris da Afirilu zafin Yola yakan wuce digiri 40. Wanda ya naɗe rektifaya da leda, ko ya cusa ta kusa da salansa, ko ya bar laka ta rufe ta, dafa ta yake yi.

Abu na biyu da ke kashe ta shi ne rashin kyakkyawan haɗi da jikin babur, abin da masu waya ke kira at. Ƙurar hunturu, ruwan damina, da wanke mashin a bakin kogi suna sa tsatsa a wurin noti da cikin soket. In haɗin ya yi rauni, regileta ba ta iya auna wuta daidai, sai ta bar ta ta wuce kima. Goge tsatsa da ɗaure noti yakan warkar da abin da aka ɗauka sai an sayi sabo.

Saboda haka shawararmu: kada a canja komai sai an auna, kuma mitar awon wuta ba ta da tsada. Na farko, inji a kashe, a auna batir. Kowane ɗaki na batir yana ba da wajen bolt 2.1, don haka cikakken batir mai ɗaki shida zai nuna kamar 12.6, mai ɗaki uku kuma 6.3. Na biyu, a tayar da inji, a ɗan ba shi wuta. Lafiyayyen mashin mai bolt 12 zai nuna tsakanin 13.5 zuwa 14.5. In ya haura 15, wuta ta yi yawa, a duba regileta da haɗinta. Alamarsa batir yana zafi, ruwansa yana saurin ƙarewa, wani lokaci har da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In kuwa bai tashi daga inda yake ba, caji ba ya shiga. Alamarsa ham ya shaƙe, sigina ta ƙi ƙiftawa. A fara da fis da soket da wayoyi, sannan a auna koyil, sai a ƙarshe a zargi rektifaya.

A kiyaye waɗannan kuma. Kada a cire kan batir inji yana aiki wai don gwaji. Kada a juya kawunan batir, nan take dayod zai iya ƙonewa. In ruwan batir ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba, don ruwan ne ke tafiya, asid yana nan. Batir mai caji yana fitar da iska mai kama wuta, ban da taba ko ashana kusa da shi. Kuma fis in ya tsinke, dalili gare shi. Wanda ya maye shi da guntun waya ya cire mai gadi ya bar gida a buɗe.

Sai mu juyo kanmu, mu 'yan kasuwa. Rektifaya biyu za su iya zama kamarsu ɗaya, ƙafa huɗu-huɗu, soket iri ɗaya, amma cikinsu daban: wata ta mashin da fitilarsa ke shan wuta kai tsaye daga koyil ce, wata ta wanda komai ke bi ta batir. A yawancin ƙananan Honda da masu kwaikwayonsu, koriyar waya ta jikin babur ce, ja ta batir, rawaya ta fitila, fara ta caji, amma wasu kamfanoni launinsu daban ne. Kafin mu miƙa kaya, mu tambayi irin mashin da bolt nawa ne, in da hali a zo da tsohuwar. In mun ga mutum ya dawo sayen ƙwai karo na biyu, mu tura shi a auna masa. In kaya mai arha ne, mu faɗa masa mai arha ne, ya zaɓa da saninsa. Ribar ƙwai ɗaya ba ta kai darajar mai sayen da zai yi shekaru yana zuwa wurinka ba.

Matasanmu masu koyon gyara kuma, ku koyi riƙe mita kamar yadda kuka koyi riƙe sifana. Gyaran inji mutane da yawa sun iya, amma mai gane wuta ba ya rasa aiki.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu.