Mai Ba da Tuwo Shi Ne Mai Ba da Rai



Mun taru domin murnar cika shekara 100 tun da 'yan mishan na SIM suka sauka Damagaram a shekarar 1924. Irin wannan biki ana ce da shi Jubili, asalin kalmar kuwa yana cikin Littafin Firistoci, sura 25. Allah ya umarci Isra'ilawa kowace shekara ta bakwai su bar ƙasa ta huta, ba shuka, ba girbi. Bayan bakwai sau bakwai kuma, a shekara ta 50, sai a busa ƙaho, a saki bayi, a mayar wa kowa gonar gadonsa, wannan shekara ma ba za a shuka ba. Kowane manomi a cikinmu ya san tambayar da za ta fara zuwa masa: to, me za mu ci? Allah ya riga ya san za su tambaya, ya kuwa yi musu alkawari zai sa albarka a shekara ta shida har amfaninta ya ishe su shekara uku. Ashe Jubili gwajin bangaskiya ne a kan batun abinci.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce gare mu. Da yawa a cikinmu, ran da suka ce za su bi Yesu, dangi suka zaunar da su suka ce, "Wa zai ba ka gona? Wa zai ba ka mata? Ran da ka mutu, wa zai binne ka?" Ba kullum ƙiyayya ce ta sa suka tambaya ba, sau da yawa tausayi ne. Har yau akwai sababbin masu bi da suke kwana da waɗannan tambayoyi a zuci. Dominsu muke wannan magana, da domin kowane wanda rumbunsa yakan ƙare tun damina ba ta faɗi ba.

Na fari, Allah yana kula da jikinmu. Shi ya yi ciki, ya san yana jin yunwa. Shekara 40 ya ciyar da Isra'ilawa da manna cikin jeji. Gwauruwar Zarefat tana da ɗan gari a tukunya da ɗan mai a kwalba, ba su kuwa ƙare ba har fari ya wuce. Ubangiji Yesu ya ciyar da maza 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu, aka tara ragowa kwando 12. Saboda haka waɗanda suka kawo mana Bishara ba su tsaya ga wa'azi kaɗai ba. An buɗe asibitin Galmi a 1950, aka kuma buɗe wurin jiyyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi, a 1956. Har yau ana karɓar marasa lafiya a wuraren nan biyu, ba a tambayar mutum addininsa kafin a ba shi magani.

Ku tuna kuma da shekarun wahala. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, sa'ad da dabbobi suka mutu kamar ƙudaje. A 1984 ruwa ya sake ɗaukewa, iyakar Nijeriya kuwa tana rufe. A 2005, bayan fari da fara na shekarar da ta gabata, mutane suka koma cin anza da ganyayen daji. Amma ku duba abin da ya fito daga tsakiyar wannan wahala. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa a ƙasar Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sarewa lokacin sharar gona toho ne na kututturan manyan itatuwa, saiwoyinsu kuwa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a bar toho kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran, a tsare su. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon hatsi da wannan aiki, daga baya manoma suka koya wa juna. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka sake tashi a ƙasar Nijar. Gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani, ya koma gonaki da yawa. Tanadin Allah yana ƙarƙashin ƙafafun mutane tun kafin su yi kuka.

Na biyu, dogara ga Allah ba zaman banza ba ne. Manna ta sauka daga sama, amma ba ta shiga bakin kowa yana kwance ba, sai ya fita da sassafe ya tsinta, gama in rana ta yi zafi takan narke. Itatuwan nan ma ba su tashi ba sai da manomi ya sunkuya da wuƙarsa. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na hatsin Masar shekara bakwai, Allah kuwa bai ce masa ya rasa bangaskiya ba. Manzo Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa, ya kuma tsauta wa Tasalonikawa masu ƙin aiki. Don haka mai bi ya kamata ya riga kowa zuwa gona, ya kai taki, ya tsare irin shukarsa, kada ya sayar da hatsinsa da kaka a banza don biki sa'an nan ya saye shi da tsada da bazara.

Amma akwai tanadi, akwai kuma alhini. Waɗanda suka ɓoye manna har gobe don ba su amince da maganar Allah ba, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Ubangiji ya koya mana mu roƙi abincin rana ɗaya, domin kowace safiya mu komo wurinsa kamar 'ya'ya wurin ubansu. Alhini ba ya ƙara ko tiya ɗaya a rumbu. Abin da yake yi shi ne ya hana barci, ya sa mutum ya rage mudu, ya ci amana, ya koma wurin boka a ɓoye, ko ya ba da 'yarsa ga wanda bai kamata ba saboda kuɗi.

Na uku, tuwo ba shi ne babbar kyautar ba. Kashegarin ranar da Yesu ya ciyar da taron nan, suka haye teku suna nemansa. Ya gaya musu a fili cewa don sun ci sun ƙoshi suke nemansa, ya kuma nuna musu cewa shi kansa ne abincin da yake ba da rai madawwami. Da yawa suka juya suka bar shi. A ƙasarmu ma an ga waɗanda suka cika majami'a lokacin rabon hatsi, da ruwa ya sauka ba a ƙara ganinsu ba. Kowa ya tambayi zuciyarsa: in an daina rabo, zan tsaya?

Dole mu faɗi wannan kuma: Allah bai yi mana alkawari ba za mu sha wuya ba. Mutum uku suka fara wannan aiki, suka sauka Ikko a ƙarshen 1893: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, dukansu samari, ba su ga ko mai bi ɗaya ba. Sai a 1902 aka iya kafa tashar farko a Patigi. A watan Janairu na 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, waɗansu 'yan'uwa suka rasa dukan abin da suka mallaka. A shekarun yunwa kuma masu bi ma sun binne 'ya'yansu. Za mu ce alheri ya kāsa a nan? Ko kaɗan. In da alherin Allah a rumbu ya tsaya, da waɗannan sun yi hasara. Amma wanda ya ba da Ɗansa a kan gicciye domin zunubanmu ya tanada mana abin da wuta ba ta ci, gara ba ta taɓawa: gafarar zunubi, zama 'ya'yan Allah, da tashi daga matattu. Ba mu saye shi da kuɗi ba, ba mu same shi da aikin lada ba, kyauta ce. Tuwon yau alama ce ta wannan kyauta, kamar yadda goron gaisuwa yake alamar zumunci. Kada kowa ya yi irin cinikin Isuwa, wanda ya sayar da gādonsa saboda abincin rana ɗaya.

Na huɗu, Allah yakan ciyar da 'ya'yansa ta hannun 'ya'yansa. Sa'ad da aka yi yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya. Shekara 100 'yan'uwa na ƙasashen nesa suna aiko mana, muna kuwa gode musu. Amma ɗan shekara 100 ba jariri ba ne. Idan sabon mai bi ya zo, dangi sun karɓe gonarsa, amsar addu'arsa tana cikin rumbunanmu. Muna roƙo kowace majami'a ta yi rumbu nata. Da kaka kowane gida ya kawo dami ɗaya cikin goma, wanda bai iya ba ya kawo tiya. A sa dattawa biyu da mace ɗaya daga zumunta su riƙe lissafi a rubuce, su karanta shi a gaban jama'a. Da bazara a buɗe wa gwauraye, da marayu, da korarru, da maƙwabcin da ba ya bin hanyarmu in yunwa ta kama shi. Mai gona babba ya ara wa wanda ba shi da ita. Mai sana'a ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Ta haka tambayoyin nan uku, na gona da na aure da na kabari, za su sami amsa a cikin Ekklesiya.

Allah wanda ya riƙe iyayenmu cikin fari da fara da wuta, shi ya ba mu abincinmu a kan kari, ya tsare zukatanmu daga alhini, ya buɗe hannuwanmu ga juna, ya kai mu gidan da ba yunwa ba ƙishirwa, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.