Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Koyon Ceton Rai a Bakin Kanal

 

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya zama maƙwabcinmu rani da damina. Daga Tiga yake tasowa, ya bi ta Ruwan Kanya, ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura, yana shayar da shinkafa da alkama da albasa. Tumatir ɗin da ake lodi a Kwanar Gafan albarkarsa ce. Mun iya cin moriyar wannan ruwa, amma ba mu koyi ƙwato ɗan'uwanmu daga bakinsa ba.

Duk wanda ya taɓa tsugunawa wanki a bakin babban kanal ya san yadda yake. Gefensa siminti ne mai gangara, gansakuka ta lulluɓe shi, santsi kamar an shafa karkashi. Sama ruwan a kwance yake, ƙasa kuwa gudu yake yi. Yaro ya sunkuya ɗauko silifas, ƙafa ta zame, ya kai hannu, babu abin kamawa. Mai nutsewa kuma ba ya iya ihu, domin duk numfashin da ya samu na tsira ne. Shi ya sa ake rasa yaro alhali manya suna nan kusa suna ban ruwa.

Ba mu manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da kwalekwale ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan numfashi ya yanke. Daga birnin Kano zuwa Kura kimanin kilomita 30 ne. Komai himmar 'yan kwana-kwana, kafin su iso bakin alƙalami ya bushe. Ashe mai ceton farko shi ne wanda yake tsaye a bakin ruwan, wato ni da ku.

A ƙasashe masu manyan duwatsu, ceto ilimi ne da ake zama a koya, kuma da yawa cikin masu yinsa 'yan sa-kai ne. A 2018 yara 12 da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, ruwa ya toshe musu hanya. 'Yan sa-kai daga Ingila, waɗanda suka yi shekaru suna atisayen nutso a kogo, su suka fara gano su, aka fitar da su duka da rai. Namu dutsen shi ne kanal da rijiya da kududdufi, amma ƙa'idojin ɗaya ne.

Na farko, mai ceto ya tsare ransa. Wanda ruwa ya ci yana cafkar duk abin da ya taɓa, ya danne shi. Kada ka faɗa. Kwanta rubda ciki a baki, miƙa masa gwangwala ko rawani, ko ka jefa masa jarka marar komai, a rufe, ɗaure da igiya. Haka nan rijiya: iskar ƙasanta tana iya kashewa, musamman in an kunna injin ban ruwa a ciki. Sau nawa muka ji mutum ya shiga ciro ɗan'uwansa, aka yi jana'iza biyu?

Na biyu, nema da tsari. A sa alama daidai inda aka yi wa wanda ya nutse ganin ƙarshe. Mutum ɗaya ya ba da umarni. Wasu su ruga gaba inda ruwa ya nufa, su tsaya a gada da bakin ƙofofin ruwa, wani kuma ya kira ma'aikacin da ke kula da ƙofa.

Na uku, bayan an fito da shi. Mun saba kife mutum muna danna cikinsa wai ruwa ya fita. Wannan ɓata lokaci ne, yana kuma jawo amai ya toshe maƙogwaro. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a duba numfashi. In babu, a hura masa iska baki da baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo, sai an kai shi asibiti.

Wannan ba a koyonsa da ji, sai hannu ya saba. Kuma muna da mutanen: Sarkin Ruwa da masuntansa, 'yan agajin masallatanmu, 'yan sintiri, da ƙungiyoyin manoma. Ina roƙon ƙananan hukumominmu su haɗa kai da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyar Red Cross, a horar da tawaga a kowane ƙauyen da ke bakin kanal, har da mata, tunda su ne a wurin wanki. A rataye igiya da jarka a kowace mashaya. A koya wa yaranmu iyo ƙarƙashin kulawar gwanaye.

Ajali na Allah ne, amma shi ya umarce mu da riƙo da sababi. Kafin a buɗe ruwan noman rani mai zuwa, kowane dagaci ya ba mu sunayen mutum 10 da za su koya. Allah ya tsare mu da zuri'armu.