Kowa da Irin Tunaninsa

Ku ɗan rufe ido, ku tuno fuskar mahaifiyarku. Wani zai gan ta sarai, har da launin ɗankwalinta. Wani kuwa duhu kawai zai gani, alhali bai manta kamanninta ba.

Tun a 1880 Francis Galton na Ingila ya nemi mutane su hango teburin karin kumallonsu a zuci, wasu suka ce ba su ga komai ba. Sai a 2015 Farfesa Adam Zeman ya raɗa wa wannan rashin gani a zuci suna, afantasiya.

Maganar zuci ma haka take. Ni dai ko bakina na rufe, raina ba ya daina surutu. Wani abokina kuwa ya ce nasa tsit, amsa kawai take faɗo masa.