Salula A Hannun Makiyayi: Abin Da Take Iyawa Game Da Lafiya



Mu da ke bin dabbobi daga Abalak zuwa Ingal mun san nisan gidan likita. Wani lokaci sai an yi yini guda bisa raƙumi ko babur. To, salular da muke tambayar farashin shanu da ita tana iya taimakon iyalinmu, in mun san amfaninta.

Na farko, agogonta. In yaro yana tari, mu bari ya natsu, mu ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya cur. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, alamar ciwon huhu ce. A kai shi likita ran nan.

Na biyu, fitilarta. Mu haska cikin fatar idon mai ciki. In ya yi fari, jini ya yi ƙaranci.

Na uku, hoto. In maciji ya sari mutum, a ɗauki hotonsa daga nesa in da hali, amma kada a tsaya nemansa.

Sai dai mu yi hattara. Salula ba ta gane zazzaɓin cizon sauro, sai an gwada jini. Hawan jini kuma sai da na'urar da ake ɗaurawa a damtse. Duk wanda ya ce ɗora yatsa kan waya ya isa, kada mu dogara da shi.

Allah ya ba mu lafiya, da mu da dukiyarmu. Amin.